Ƙarin shekara ɗaya: rigimata da likitan gidana

Ranar wata Lahadi ce bayan la'asar, ruwan Oktoba na zuba kamar da bakin ƙwarya, ina zaune a shagona a nan Birketeri, unguwar Hausawa ta Yawunde, ina ƙirga bandir-bandir ɗin shaddar da suka rage. Sai waya ta yi ƙara. Babban yarona ne daga Kanada. Ba zan kama sunansa ba, kun dai san mu da ɗan fari; uwarsa ma "likita" kawai take ce masa. Muka gaisa, ya tambayi kasuwa, ya tambayi gwiwata, sannan ya yi irin shirun nan na wanda ya ƙunso magana.

Na ce, "Kai, faɗi abin da ke bakinka, data na ƙonewa."

Ya ce, "Baba, ƙarshen watan Yuni zan gama horon likitan iyali, in Allah ya yarda. Amma ina neman izininku in ƙara shekara ɗaya."

"Shekarar me kuma?"

"Likitancin wasanni da motsa jiki."

Na ajiye biro. Duk ɗan kasuwan da ke karanta wannan ya san lissafin da ya fara zuwa mini a ka. Shekara 7 yaron nan ya yi yana karatun likita a nan Yawunde. Ya yi aiki kamar shekara 2 a wani asibiti a arewa, sannan ya tafi Kanada, inda takardarsa ba ta ba shi ikon rubuta wa mutum magani ba sai ya sake jarrabawa iri-iri. Shekarun da ya yi yana wannan fafutuka, yana aikin da bai kai matsayinsa ba don ya biya haya, ni na san su, domin filina na Ngaundare a cikinsu ya tafi. Da ƙyar ya samu gurbin horo na shekara 2. Yanzu da jari ya kusa fara kawo riba, ga ƙannensa huɗu a makaranta, ga maganar aurensa da aka ɗaga har sau biyu, sai ya ce a sake kulle kayan a sito shekara guda. Kuma bai ɓoye mini ba: a wannan shekarar albashin mai koyo za a ci gaba da ba shi, wanda bai kama ƙafar abin da cikakken likitan iyali ke samu a can ba.

Abin da na ce masa ban ji daɗinsa ba daga baya, amma na faɗa. Na ce, "Wato duk wahalar da muka sha, don ka zama mai shiga fili a guje da jaka da robar ruwa ne in ɗan ƙwallo ya yi faɗuwar ƙarya?" Iyakar abin da na sani ke nan game da likitan wasanni, abin da nake gani a talabijin.

Bai yi musu ba. Cewa ya yi, "Baba, kun tuna ranar Foe?"

Wa zai manta a ƙasar nan? Ranar 26 ga Yuni, 2003, Kamaru na wasan kusa da na ƙarshe na kofin nahiyoyi da Kolambiya a birnin Liyon na Faransa. A zauren maigidan da nake haya a wurinsa muka kalla, yaron nan yana ɗan shekara 11, zaune a ƙasa dab da akwatin. Muna cin 1 da nema. A minti na 72 Marc-Vivien Foe, ɗan garin nan namu, ya yanke jiki ya faɗi a tsakiyar fili, babu kowa kusa da shi. Wani ma a zauren cewa ya yi cin lokaci yake. Kafin dare ya yi nisa labari ya zo cewa ya rasu, yana da shekara 28. Yaron ya ja mini riga ya ce, "Baba, me ya same shi? Ai babu wanda ya taɓa shi." Na ce masa ajali ne. Gaskiya na faɗa masa, amma ashe bai daina neman sauran amsar ba har ya girma.

Sauran amsar kuwa likitoci sun bayar da suka binciki gawar: naman zuciyarsa ne ya yi kauri fiye da ƙima, ciwon da galibi gadonsa ake yi, kuma mutum zai iya yawo da shi shekaru bai sani ba, sai ranar da gudu ya matsa wa zuciyar ta rikice. Mu da muka taso a Najeriya mun riga mun ga irin wannan: ina saurayi a Kano aka ji a rediyo Samuel Okwaraji ya faɗi a filin wasa na Legas ranar 12 ga Agusta, 1989, ana wasa da Angola. A 2016 kuma wani ɗan Kamarun, Patrick Ekeng, ya faɗi a Bukares ta Romaniya 'yan mintoci bayan an sako shi wasa, masu bincike suka ce ba a fara ƙoƙarin farfaɗo da zuciyarsa ba sai da aka isa asibiti. To ku kwatanta da Christian Eriksen na Denmak. Shi ma zuciyarsa ta tsaya a fili ranar 12 ga Yuni, 2021, duniya na kallo. Nan take likitoci suka durƙusa a kansa suna danna masa ƙirji, aka kawo na'urar nan mai girman ƙaramar jaka da ke bugun zuciya da lantarki, aka buga masa. Ya farfaɗo. Shekara ba ta zagayo ba ya koma buga ƙwallo a Ingila, ya kuma je gasar kofin duniya a Katar a 2022.

Ajali babu mai ja da shi. Amma wanda ya rubuta ajali shi ya halicci sababi, kuma sababin a nan mintoci ne. Likitoci na cewa duk minti ɗaya da ya wuce ba a danna ƙirji ba, ba a kawo na'urar ba, damar rayuwa na raguwa da kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sai in da ma akwai wani a bakin filin da aka koya wa gane bambancin faɗuwar gajiya da faɗuwar zuciya.

Ranar dai ban ba shi amsa ba. Na ce zan yi shawara. Da na koma gida uwargida ta ce, "Alhaji, wanda ya haƙura shekara goma sha, shekara ɗaya ce za ta gagare shi?" Na ce ai ba ke kike biyan kuɗin makaranta ba. Mako biyu na yi ina fushi, sannan na kira shi na ce ya zauna ya yi mini bayanin abin dalla-dalla, yadda dillali ke yi wa mai saye bayanin haja. Ga abin da na fahimta, ko zai amfani wani uban da ɗansa zai zo masa da irin wannan magana.

A Kanada, bayan digirin likita, wanda zai zama likitan iyali yana yin horon shekara 2 a asibiti. Likitan iyali shi ne na farkon gani: yaro, tsoho, mai ciki, mai hawan jini, duk ta wurinsa ake bi. Wanda ya gama yana iya neman shekara ta uku don ƙarin ƙwarewa a fanni guda. Wani ya ɗauki sashen gaggawa, wani kula da tsofaffi, wani sa barcin tiyata, wani kuma wannan na wasanni. Guraben kaɗan ne, takara ake yi a kansu, shi ya sa tun watanni kafin a gama ake cike takardu. In ya kammala, Kwalejin Likitocin Iyali ta Kanada na ba shi shaidar ƙarin ƙwarewa. Akwai kuma ƙungiyar likitocin wasanni ta ƙasar, wadda aka kafa tun 1970, tana da tata jarrabawar difloma, inda ake bi da mutum ɗaki-ɗaki ana sa shi ya duba maras lafiya a gaban masu jarrabawa. A Amurka horon likitan iyali shekara 3 ne, sai a ɗora shekara 1 ta wasanni. Ingila kuwa a 2005 ta mai da shi fanni mai zaman kansa, shekarar da Landan ta samu izinin ɗaukar nauyin wasannin Olamfik na 2012.

Ba ya zama mai tiyata, wannan na tambaya sau biyu. Wuƙa ta likitan ƙashi ce. Aikinsa shi ne ya san wace gwiwa ce ke buƙatar wuƙa, wace ce ba ta buƙata, kuma ya ce mafi yawansu ba sa buƙata.

Na ba shi izini, amma da ƙyar, kuma zuciyata ba ta kwanta ba. Abin da ya kwantar da ita ya faru ne da ya zo hutun mako biyu kafin ya fara.

Shekara ashirin da wani abu ke nan ina zaune a kan benci ɗaya. Daga gida tasi, daga tasi shago, daga shago masallaci mai taku hamsin. Rana tsire da shayi mai siga cokali uku, dare tuwo a kwanta. In zan je sarin kaya arewa, jirgin ƙasan Ngaundare ne, kwana a zaune. Tumbi ya fito, mu kuma a kasuwa tumbi alamar rufin asiri ce, har barka ake yi wa mutum. Shekara huɗu da suka wuce aka ce ina da ciwon suga, hawan jini ya biyo baya. Gwiwar dama ta fara ƙara kamar tsohuwar ƙofa, har ta kai ga na koma salla a kan kujera. Wannan shi ya fi yi mini ciwo, wallahi. Mutum bai kai sittin ba yana sahun masu kujera, goshinsa bai taɓa ƙasa ba wata takwas. Na sha ƙwayoyin kashe ciwo daga farmasi ba iyaka, na yi ƙaho, an tsaga, an shafa. Wani ma ya ce in tara kuɗi in tafi Indiya a sa mini ta ƙarfe.

Likitan gidana ya kwantar da ni a kan tabarma. Ya lanƙwasa ƙafar, ya miƙe, ya ja, ya murɗa, ya danna nan ya danna can, ya sa na tashi daga kujera ba tare da dafa komai ba. Na kasa. Ya kama cinyata ya ce, "Baba, ku duba, ta dama ta fi ta hagu sirancewa. Guringuntsin gwiwar ya ɗan cinye, gaskiya ne, amma babbar matsalar naman da ke riƙe da ita ne ya saki. Kuna jin ciwo sai ku daina motsa ta, kuna daina motsa ta naman na ƙara narkewa, ciwon na ƙaruwa." Ya kwashe ƙwayoyin nan ya ce irinsu in an daɗe ana sha suna ɓata ƙoda da ciki, balle ga mai suga da hawan jini.

Sannan ya ɗauko takarda ya rubuta mini magani, kamar yadda ake rubuta na farmasi, sai dai babu ƙwaya ko ɗaya a ciki. Tashi da zama daga kujera sau 10, a huta, a sake, safe da yamma. Miƙe ƙafa a zaune a riƙe, a ƙirga 10. Tafiyar minti 10 bayan kowane cin abinci, domin naman jiki in yana aiki zuƙar sugan da ke cikin jini yake yi. Duk mako a ƙara kaɗan, har a kai abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara wa baligi, wato aƙalla minti 150 a mako na motsin da zai sa numfashi ya ɗan hau amma kana iya magana, da motsin ƙarfafa jiki sau biyu a mako. Ya ja mini kunne kan abu uku: kada in bar maganin suga da na hawan jini da likitana na nan ya rubuta, kada in yi tafiyar da silifa, in sa takalmi rufaffe in riƙa duba tafin ƙafata kullum, kuma in na ji ƙirjina ya ɗaure ko jiri, in tsaya in nufi asibiti.

Na yi dariya na ce, "Wannan ne za ka ƙara shekara a kansa? Tashi da zama?" Ya ce, "Baba, sanin wanda za a ce wa ya tashi, da nawa zai yi, da wanda in aka ce ya yi gudu za a kashe shi, shi ne karatun."

Mako uku na farko gwiwar ƙaruwa ta yi da ciwo, na kusa bari. Yawunde kuma kun san ta, birnin tuddai ne, babu hanyar da ba hawa. Maƙwabtana a kasuwa suka sa ni a gaba: Alhaji ko kasuwa ta karye ne aka koma sayyada? Wata na huɗu na lura ina hawa matakalar gida ban dafa bango ba. Wata na shida, wata asuba, na ture kujerar gefe na gwada. Goshina ya taɓa ƙasa. Ban gaya wa kowa ba sai da na yi kwana uku ina yi, kada in yi saurin murna. Likitana na nan ya duba awon suga ya rage mini ƙwaya ɗaya.

Yanzu wata takwas ke nan da ya fara shekarar, kuma duk Lahadi sai na sa ya ba ni labarin makonsa, don na zama kamar ɗalibi. Kwana uku ko huɗu yana asibitin gaɓoɓi yana duba kafaɗa da baya da idon sawu. Ya ce rabin masu zuwa ba 'yan wasa ba ne, magina ne da direbobi da tsofaffi irina. Yana koyon yin allura cikin gaɓa yana kallon bakin allurar a na'urar sikanin. Wata rana yana tare da masu tiyatar ƙashi, wata rana da masu gashin ƙashi, wata rana yana koyon karanta zanen bugun zuciyar ɗan wasa, domin zuciyar mai yawan gudu kan canza kama, kuma dole a iya bambance wannan canjin da irin ciwon da ya kashe Foe. Ƙarshen mako kuma yana bakin fili da wata ƙungiyar matasa masu ƙwallon gora ta kan ƙanƙara, cikin sanyin da ya ce ko a mafarki ban taɓa jin irinsa ba. Jakar da na yi masa gori da ita, yana ɗauka ɗin.

Abin da ya fi ba shi wahala, in ji shi, buguwar kai ce. Yaro ya yi karo, bai suma ba, babu jini, ya tashi ya ce lafiyarsa ƙalau, koci na so ya koma, uba na ihu daga kan benci, amma ƙwaƙwalwar ta girgiza. Ƙa'ida ita ce duk wanda ake zargin haka ya same shi ba ya komawa wasa a ranar, ko da kofi ne a gaba. Da yake faɗa, 'yan dambenmu na tuna, da yadda ake yayyafa wa wanda aka kayar ruwa a tashe shi.

Ni kuma da idona ya buɗe sai na fara ganin unguwarmu da wani ido. Duk safiyar Lahadi ga ƙungiyoyin ƙwallon manya da ake kira 2-0 a garin nan, maza masu shekara arba'in da hamsin, da tumbinsu, mako guda suna zaune, rana ɗaya su zo su yi gudun 'yan ashirin, babu wanda ya auna jininsa. Ga samarinmu da ke mafarkin Turai, wasu na haɗiyar tramol kafin su shiga fili don kada su ji gajiya. Ba su san tun 1 ga Janairu, 2024 hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya, mai hedikwata a can Montreal ta Kanada, ta haramta ta a lokacin gasa ba, balle a zo ga farfaɗiyar da take jawowa. Ga masu ɗauke da rabin jinin sikila, waɗanda muke da su da yawa. Lafiyarsu ƙalau, suna iya kowane wasa, amma gudun wuce ƙima cikin zafi babu ruwa na iya kayar da su, har a Amurka manyan jami'o'i kan nemi sanin jinin ɗan wasa kafin ya fara. In kuwa yaro ya yi targaɗe ko ya karye, wurin maɗori ake nufa. Ba na raina maɗora, ni kaina an ɗora ni ina yaro kuma hannun ya haɗu. Amma a nan unguwar na ga yaron da aka ɗaure wa kara tamau, yatsu suka kumbura suka yi baƙi, aka ce a yi haƙuri ƙashi ne ke kamawa, sai da aka yanke hannun.

To a nan ne sauran rigimar tawa da shi take, kuma ba ta ƙare ba. Duk wannan ilimi, 'ya'yan wa yake yi wa aiki? Yaran Kanada da ke da likita a bakin fili tun suna 'yan sakandare. Namu na buga ƙwallo a jar ƙasa, asibiti mafi kusa sai an ratsa cunkoso. Da na san abin da na sani yau tun yana nan gida, wataƙila da wata hanyar na nuna masa. Jami'o'in Cape Town da Pretoria a Afirka ta Kudu na ba likitoci digiri na biyu a wannan fanni. Kwamitin Olamfik na duniya na da difloma ta shekara 2 da ake yi daga nesa, likita na bakin aikinsa. Hukumar FIFA ma ta taɓa buɗe darussan likitancin ƙwallon ƙafa a intanet kyauta. Ba su kai zama shekara guda hannu da hannu da gwanaye ba, shi da kansa ya ce akwai abin da sai yatsa ya taɓa gwiwa ɗari kafin ya gane. Amma wanda ya yi su yana nan tare da mu, ba sai an sayar da fili ba. In ɗanka ko 'yarka likita ce a Kumasi ko Njamena ko Maraɗi ta zo maka da wannan magana, kada ka yi irin gorin da na yi, amma ka tambaye ta waɗannan hanyoyin tukuna.

A taron ƙungiyarmu ta 'yan kasuwa na watan jiya na kawo maganar mu haɗa kuɗi mu sayi na'urar farfaɗo da zuciya guda ɗaya, a ajiye kusa da filin da yaranmu ke wasa. Wani dattijo ya ce tabarmin masallaci sun fi gaggawa. Wani ya ce wa zai iya aiki da ita? Na ce ita da kanta take magana tana gaya maka abin da za ka yi, kuma danna ƙirji ba ya buƙatar digiri: tsakiyar ƙirji, hannu bisa hannu, da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, kada a tsaya sai taimako ya zo. An dai buɗe littafi, mutum tara sun sa hannu, ba mu kai rabi ba.

Likita ya yi alkawarin in ya zo bikinsa bayan ya gama, zai tara samari da masu horar da su a zaure ya koya musu da hannunsa. Lahadin da ta wuce na ce masa, "To bayan bikin fa? Tikitin na zuwa da komawa ne, ko na zuwa ne kawai?" Ya yi shirun nan nasa. Sannan ya ce, "Baba, ku bari in gama shekarar tukuna. Yau taku nawa kuka yi?"

Na duba wayar na gaya masa. Ya ce saura dubu biyu, kuma rana ba ta faɗi ba.